Guntun Kwali Mai Kuɗin Miliyar: Tarihin Katin Ƴan Wasan Besbol a Amurka

Ranar 28 ga watan Agusta na shekarar 2022, wani kamfanin gwanjo na birnin Dallas mai suna Heritage Auctions ya saida guntun kwali guda ɗaya tak a kan dolar Amurka miliyon 12 da dubu 600. Tun da wuri bari in share wani abu: in na ce dolar cikin wannan rubutu, kada wani ya ɗauka dalarmu ce ta tamma biyar. Dolar ɗaya takan kai wajen sefa 600, wani lokaci ta hau, wani lokaci ta sauko. Ku juya bayan kaye ku yi lissafin da kanku, za ku tarar kuɗin sun haura miliyar 7 na sefa.

Kwalin nan bai cika tafin hannu ba, tsawonsa bai kai santimita 10 ba. Hoton wani saurayi ne a kai, Mickey Mantle, ya ɗora sanda a kafaɗa yana kallon gefe. A shekarar 1952 aka buga shi, kuma a lokacin cikin ƙunshin cingam na yara ake samunsa, ƙunshin da ake saidawa santi 5, wato kashi 5 cikin ɗari na dolar ɗaya. Mutumin da ya kawo shi gwanjo ya saye shi ne a 1991 a kan dolar dubu 50, ya adana shi shekara 31.

Na san abin da mafi yawanmu za su ce: mutanen nan kuɗi ne suka yi musu yawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma wannan amsar ba ta gaya mana abin da ya sa wannan kwalin ya yi miliyar, ɗan uwansa da aka buga a 1990 kuma ko kyauta ba mai karɓa. Ni abin da na bi sawu ke nan, kuma sai da ya kai ni har masana'antar sigari da ɗakin alƙali da gidan kaso.

Da farko wasan kansa, tun da ba namu ba ne. Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, mutum tara-tara. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a maido ƙwallon. A Amurka ya yi ƙarfi bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, kuma a 1869 aka samu ƙungiya ta farko da ta fito fili tana biyan dukan ƴan wasanta albashi, Cincinnati Red Stockings. A wannan shekarar wani kantin kayan wasa na New York, Peck & Snyder, ya buga hoton ƙungiyar a kan kati, tallar kantin a baya. Waɗanda suka taɓa ganin hotunan Panini na ƴan ƙwallon ƙafa da ake mannawa a littafi lokacin kofin duniya, to ga kakanninsu nan.

Amma sigari ne ya yi wa kati reno. A farkon shekarun 1880 wani matashi mai suna James Bonsack ya ƙera injin naɗe sigari mai fitar da wajen kara 200 a minti ɗaya. James Buchanan Duke, ɗan kasuwar taba na North Carolina, ya rungumi injin. Nan da nan sigari ya yi yawa fiye da masu sha, sai kamfanoni suka shiga kokowar neman mai saye. Ƙunshin sigarin lokacin na takarda ne mai laushi, ana sa ɗan kwali a ciki don kada kara ya karye cikin aljihu. Sai aka ga ai kwalin nan fili ne na banza, bari a buga hoto a kai. Aka buga tsuntsaye, tutocin ƙasashe, mata ƴan wasan kwaikwayo, ƴan dambe, da ƴan besbol. Allen & Ginter na birnin Richmond da Goodwin & Company mai sigarin Old Judge su ne suka yi suna a wannan fanni a ƙarshen shekarun 1880. Dabarar a bayyane take: in kana son cika jerin hotunan, sai ka ci gaba da sayen sigari iri ɗaya. Uba ya sha, ɗa ya karɓe katin, gobe ɗan ya girma ya san sunan sigarin.

A 1890 Duke ya haɗe manyan abokan hamayyarsa cikin kamfani guda, American Tobacco Company, wanda ya riƙe kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar sigarin ƙasar. Da gasa ta mutu, kyautar kati ita ma ta ja baya, don wanda ba shi da kishiya ba ya wahalar kwalliya. Sai a 1909 kamfanin ya dawo da katin da ƙarfi, lokacin da gwamnati ta riga ta maka shi kotu kan babakere. Daga 1909 zuwa 1911, shekarar da kotun ƙoli ta ba da umarnin a wargaza shi, ya fitar da jerin kati 524 masu launi, ƙanana, faɗin bai kai santimita 4 ba, tsawo bai kai 7 ba. A bayan kowane akwai tallar taba: Piedmont, Sweet Caporal, Old Mill, Polar Bear da sauransu. Wannan jerin shi ake kira T206 a yau, kuma a cikinsa ne sarkin katuna yake.

Honus Wagner ɗan baƙin Jamusawa ne da suka zauna kusa da Pittsburgh. An haife shi a 1874, ya shiga ramin haƙar gawayi tun yana yaro, daga baya ya zama ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Sau takwas yana zama gwanin bugu na rukuninsu, kuma da aka zaɓi mutum biyar na farko na zauren girmama gwanayen besbol a 1936, yana ciki tare da Ty Cobb da Babe Ruth da Christy Mathewson da Walter Johnson. Katinsa ba wani ado gare shi ba: fuska ce mai jan kumatu, riga mai ruwan toka, baya ruwan lemu. A ƙirjin rigar an rubuta PITTSBURG babu harafin H na ƙarshe, don a shekarun nan haka hukuma take rubuta sunan garin.

An fara buga katin, sai Wagner ya ce bai yarda ba, aka tsaida. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne tsakanin 50 da 200 ne suka fita kasuwa, kuma waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce wajen 60 ba. Dalilin ƙin nasa kuwa an fi shekara ɗari ana gardama a kai. Iyalinsa sun ce ba ya son yara su riƙa sayen sigari don neman hotonsa. Wasu suka ce ina, mutumin da shi kansa yake tauna taba, har akwai wani katinsa na ƙarshen shekarun 1940 da ya nuna shi yana cusa ta a baki? Suka ce kuɗi ne ba a ba shi yadda yake so ba. Suna da hujja, don tun a 1905 Wagner ya sa hannu da masu ƙera sandar Louisville Slugger su riƙa buga sunansa a kan sanda, wato mutum ne da ya san sunansa haja ne tun kafin sauran su farga. Ni a ganina maganganun biyu ba sa karo. Duk mun san dattijon da yake shan sigari amma in ya kama ɗansa da kara ɗaya sai unguwa ta ji. Kuma mutumin da ya fito daga ramin gawayi ba a koya mashi darajar guminsa. Sai dai kasuwa ta fi son labarin farko, don ya fi daɗin faɗi a ɗakin gwanjo.

Nan ne darasin farko na farashi yake. Wagner ba shi ne katin da ya fi ƙaranci ba, ko a cikin T206 ɗin. Akwai na wani mai jifa, Joe Doyle, da aka yi kuskuren rubuta rukunin ƙungiyarsa aka gyara da sauri, waɗanda suka rage da kuskuren wajen goma ne kawai. Yana da tsada, amma bai kama ƙafar Wagner ba, don ba wanda yake tuna Doyle in ba don kuskuren ba. Ƙaranci shi kaɗai ba ya isa. Sai ya haɗu da babban suna, sannan da labarin da mutum zai iya ba baƙonsa cikin minti ɗaya.

Wanda ya raɗa wa jerin suna T206 shi ne mutumin da na fi so a duk wannan tarihi, kuma shi ne wanda ya fi kowa rashin cin riba. Jefferson Burdick, an haife shi a 1900, ma'aikaci ne a wata masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse. Ciwon gaɓoɓi ya kama shi, yana ta lanƙwasa mashi yatsu. Bai yi aure ba. Abin da ya sa gaba shi ne tara duk wata ƴar takarda mai hoto da kamfanoni suke rabawa, irin wadda kowa yake jefarwa a shara. A 1937 ya fara buga wata ƴar takardar labarai ta masu tara kati, ba ta fi wannan ɗan littafi namu da kuke riƙe da shi ƙawa ba. A 1939 ya fitar da littafin da daga baya aka sani da American Card Catalog, inda ya ba kowane jeri harafi da lamba: T na katin taba na ƙarni na 20, E na alewa ta dā, R na cingam na baya-bayan nan. Har yau da waɗannan haruffa ake ciniki. A littafinsa yawancin katuna ƴan santi ne, Wagner kuwa ya sa mashi dolar 50, kuma a lokacin an ga kamar ya zuga.

A ƙarshen shekarun 1940 Burdick ya ba babban gidan tarihi na New York, Metropolitan Museum of Art, dukiyarsa kyauta, takardu wajen dubu 300, daga ciki kusan dubu 30 na besbol. Aka ce an karɓa, amma shi zai tsara su. Ya kwashe shekara goma sha wani abu yana jerawa yana mannawa cikin manyan littattafai da waɗannan yatsun nasa. Ya gama a watan Janairu na 1963, ya shiga asibiti, ya rasu a watan Maris. Abin da zai ba ɗan kasuwar yau hawan jini shi ne da gam ya manna da yawa daga cikinsu. Katin da aka shafa wa gam a baya darajarsa ta faɗi warwas a kasuwa. Shi ba kasuwa yake tunani ba, so yake kada su watse. Kuma ba su watse ba, har da Wagner ɗinsa suna can.

Bayan sigari sai alewa da cingam suka gaji katin, wato aka daina bi ta hannun uba, aka tafi kai tsaye aljihun yaro. A 1933, tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, kamfanin Goudey na Boston ya fitar da jeri mai lamba 1 zuwa 240. Yara suka yi ta saye suna neman lamba 106, ashe ba a ma buga ta ba. Mutane da yawa suna ganin da gangan aka yi, kuma ni ma haka na gani. Waɗanda suka rubuta wasiƙar ƙorafi ne aka aika musu katin Napoleon Lajoie a 1934. Yau wannan lamba 106 tana cikin masu tsada, wato ha'incin jiya ya zama jarin yau.

Yaƙin duniya na biyu ya tsaida harkar saboda ƙarancin takarda. Bowman ya farfaɗo da ita a 1948, sannan Topps na unguwar Brooklyn ya shigo. A ƙarshen 1951 wani ma'aikacin Topps mai shekara 28, Sy Berger, ya zana sabon salo a kan teburin gidansa: kati mai girma, launi mai haske, tambarin ƙungiya, sa hannun ɗan wasa, a baya kuma alƙaluman wasanninsa. Kati 407 ne, ana fitar da su kashi-kashi. Kashin ƙarshe, daga lamba 311 zuwa 407, ya fito a makare, kakar besbol ta kusa ƙarewa, yara sun koma lakkol hankalinsu ya tafi wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito. Berger da bakinsa ya sha ba da labarin cewa wajen 1960, da ya rasa yadda zai yi da su, sai ya sa aka loda su a motocin shara, aka ɗora a kwale-kwalen dakon kaya, aka zubar cikin tekun Atlantika. Lamba 311 ɗin nan, ta farko a kashin da aka zubar, ita ce Mickey Mantle. Yana da wani katin da ya riga wannan, na Bowman na 1951, amma na 1952 ya fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, don shi ne mai labarin teku.

Rigimar Bowman da Topps ta haifi wani abu da ya fi katin muhimmanci. Kowane kamfani yana sa ƴan wasa su sa hannu cewa shi kaɗai zai buga hotonsu, wasu kuma suna sa wa duka biyun. Magana ta je kotu, kuma a 1953 alƙali Jerome Frank ya yanke cewa mutum yana da haƙƙin mallakar amfanin kasuwanci na hotonsa, haƙƙin da zai iya saidawa kamar gona. Duk ɗan ƙwallo ko mawaƙin da yake karɓar kuɗin talla a Amurka yau, wannan hukunci na cingam yana cikin tushen abin da yake taƙama da shi. Topps ya saye Bowman a 1956 ya zauna shi kaɗai. Dolar 125 yake ba ɗan wasa a shekara, sai a 1968 ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta matsa aka ninka zuwa 250, aka ƙara musu kaso daga ciniki.

To amma teku kaɗan ya ci. Wanda ya fi cin katunan nan shi ne wasa. Yaran shekarun 1950 ba su san suna riƙe da dukiya ba. Suna wurga su a bango suna caca da su, suna ɗaure su da roba har gefe ya lotsa, suna maƙala su a ƙafar keke don su riƙa ƙara kamar babur. Da suka girma suka bar gida, iyaye mata suka share ɗaki suka zubar da kwalayen. Takarda kuwa ba ta da rai mai tsawo, mu da muke fama da gara da ƙura da yoyon damina mun fi kowa sani. Saboda haka wanda ya tsira da kusurwa huɗu masu tsini ya zama abin nema. Da kowa ya adana nasa, da ba wanda ya yi kuɗi. Wannan magana ce mai sauƙi, amma miliyoyin mutane sun kasa gane ta a lokacin da ya kamata.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen shekarun 1970 yaran nan sun zama magidanta masu albashi, suna neman su sayo ƙuruciyarsu. Wani malamin lissafi na jami'a, James Beckett, ya fitar da littafin farashi a 1979, a 1984 ya maida shi mujallar wata-wata. Daga nan kowane yaro yana iya buɗe shafi ya ga katinsa ya hau ko ya sauka. Kotu ta buɗe ƙofar gasa, Fleer da Donruss suka shigo a 1981, Score a 1988, Upper Deck a 1989 da takarda mai sheƙi da tambarin hana jabu, lambarsa ta ɗaya wani yaro mai shekara 19, Ken Griffey Jr. Jaridu suka yi ta ba da labarin tsofaffin katuna da suka yi kuɗi. Iyaye suka riƙa sayen sababbi katon-katon, ba a ko buɗewa, ana ajiyewa don kuɗin jami'ar yara. Kamfanoni kuwa da suka ga haka suka saki injin buga takarda dare da rana, ba tare da sun faɗi adadin da suke bugawa ba. A 1992 Topps ya cire cingam daga ƙunshin gaba ɗaya, don masu saye suna kukan yana ɓata katin. Abin da aka fara a matsayin gyara a kan cingam ya kori cingam ɗin.

A watan Agusta na 1994 ƴan wasa suka shiga yajin aiki, aka soke gasar ƙarshe ta shekara, abin da ba a taɓa yi ba tun 1904. Mutane suka yi fushi da wasan, suka ɗauko katon-katon ɗinsu za su saida, sai kowa ya tarar maƙwabcinsa ma yana da irinsu, sababbi ful. Shaguna suka yi ta rufewa. Har yau katunan waɗannan shekarun, in ka cire ƴan kaɗan, a kan nauyi ake rabuwa da su. Duk lokacin da wani ya turo mani saƙo a waya cewa ga wata sabuwar haja ta intanet da za ta ninka kuɗi don wai ba ta da yawa, tambayar da nake fara yi ita ce wa yake riƙe da injin bugawa, kuma wa ya ƙirga.

Tsofaffin katuna su ba su faɗi ba, don ba mai iya komawa 1909 ya ƙaro. Sai dai su ma suna da tasu cutar. Tun da lafiyar kati ita ce kuɗinsa, sai aka samu masu gyaran dare: a goge tabo, a danne lanƙwasa, a ƙara launi, a aske gefe. Don maganin wannan aka kafa kamfanin PSA a California a 1991. Aikinsa ya duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton hoto, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe katin cikin roba mai tauri da lamba a kai. Tsakanin maki 8 da 9 ana iya samun bambancin kuɗin gida. Mai saye ya daina kallon katin, lambar yake kallo.

Kati na farko da PSA ya ba maki wani Wagner ne mai kyau na ban mamaki. Wani dillali, Bill Mastro, ya saye shi a tsakiyar shekarun 1980 a kan dolar dubu 25, ya saida shi dubu 110 a 1987. A 1991 shahararren ɗan wasan ƙanƙara Wayne Gretzky da mai ƙungiyarsa Bruce McNall suka saye shi a gwanjon Sotheby's a kan dolar dubu 451. PSA ya ba shi maki 8. Daga nan ya yi ta sauya hannu: ya haura dubu 640 a 1996, ya haura miliyon ɗaya da dubu 200 a eBay a 2000, ya kai miliyon 2 da dubu 800 a 2007, lokacin da Ken Kendrick, mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks, ya saye shi. Duk tsawon shekarun nan ana ta raɗe-raɗi cewa gefen katin ya cika miƙewa. A 2013 Mastro, wanda a lokacin ya riga ya yi zamani a matsayin babban mai gidan gwanjo, ya tsaya gaban kotun tarayya a Chicago ya amsa laifin zamba. Ya yarda cewa ana sa mutanen ƙarya su riƙa taya kaya a gwanjonsa don farashi ya hau, kuma ya yarda cewa shi da hannunsa ya aske gefen wannan Wagner ɗin. A 2015 aka yanke mashi wata 20 a gidan kaso. A ƙa'idar PSA kanta, katin da aka aske ba ya samun maki. Wato tubalin farko na ginin amana shi ne na jabu. Kuma wallahi kasuwar ko gezau ba ta yi ba: wani Wagner ya yi miliyon 6 da dubu 600 a 2021, wani miliyon 7 da dubu 250 a 2022. Ko wanda ya yamutse, da wasu mata masu hidimar coci a Baltimore suka gada a 2010, ya haura dolar dubu 200.

Lokaci-lokaci kuma rufin ɗaki yakan yi amai. A 2012 wasu iyali a garin Defiance na jihar Ohio suka tarar da kati wajen 700 na kusan 1910 cikin kwali a saman gidan kakansu, kamar jiya aka buga su. A 2016 wasu suka samu katin Ty Cobb guda bakwai na wani nau'i mai wuyar samu cikin tsohuwar jakar takarda. Irin wannan labari shi yake hana mutane barci, kowa yana ganin gobe nasa rabon zai tsaga.

Akwai wani abu da na lura da shi da na bi jerin sunayen. Cikin kati 524 na T206 babu baƙar fata ko ɗaya. Ba don ba su iya wasan ba. Tun ƙarshen shekarun 1880 aka rufe musu ƙofar manyan ƙungiyoyi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan haka, Cap Anson, katunansa suna cikin masu tsada na zamanin Old Judge. Baƙaƙe suka kafa nasu ƙungiyoyin, Rube Foster ya haɗa su cikin rukuni guda a 1920. Kamfanonin sigari da cingam na Amurka ba su buga hotunansu ba. A zamanin Wagner akwai John Henry Lloyd, mai tsaron wuri ɗaya da shi a fili, wanda saboda gwaninta ake kiransa Baƙin Wagner. In kana neman katin Lloyd, sai ka tafi Kuba, inda yake zuwa wasa lokacin sanyi, inda masu sigarin can suka buga shi, shi da Oscar Charleston. Satchel Paige sai da ya kai shekara 42 ya shiga babbar gasa a 1948, sannan ya samu katinsa na farko na cingam a ƙasarsa. Jackie Robinson, wanda ya karya shingen ranar 15 ga Afrilu 1947, shi ne lamba 312 a jerin Topps na 1952, daf da Mantle, cikin kashin nan da aka zuba a teku. Katinsa yana da tsada ƙwarai, amma tsakaninsa da lamba 311 akwai tafiya.

Saboda haka in aka ce mana farashin gwanjo shi yake nuna wa ya fi girma a tarihin wasan, ni ban karɓa ba. Yana nuna wanda kamfani ya ga damar bugawa, da wanda yaran unguwannin masu hali suka so a 1952, yaran da suka girma suka zama masu iya taya miliyon.

Josh Gibson ya rasu a watan Janairu na 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili. A Disamba 2020 hukumar babbar gasar besbol ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 su ma manya ne, a Mayu 2024 kuma ta haɗa alƙalumansu da nata. Da aka sake lissafi, Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa yawan samun bugu a tarihi, 372 cikin kowane dubu. Katinsa da masu tarawa suke nema, na jerin Toleteros ne, ƙarami, da aka buga a tsibirin Puerto Rico a kakar 1950 zuwa 1951, shekara uku bayan an binne shi.